Ciyawar Tafki a Ɗakinki na Jos

Yagana, autata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da sabon aikinki da sanyin garin da kike ta yi mini ƙorafinsa. Allah Ya tsare fitarki da shigarki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a asibitin, Ya raba ki da sharrin abin da kike gani da wanda ba kya gani.

Na san za ki yi dariya, ki ce ga waya a hannu me ya kai Mama ga biro da takarda. Ke kika jawo. Duk lokacin da na fara miki bayani sai ki ce, "Na gane, Mama, na gane," alhali ina jin ƙarar ludayi, na san hankalinki na kan tukunya. Ban da haka, akwai maganar da in na ɗauko ta a waya muryata ba za ta kai ƙarshenta ba.

Ciyawar ruwan da ke cikin akwatin gilashina ta mutu, ko ganye ɗaya bai saura ba. Rabin da muka raba kika tafi da shi Jos shi kaɗai ya rage mana. Kuma ga hoton da kika turo mini, na ga tsofaffin ganyen sun fara rawaya. Tun da na gani nake juya wayar, in ajiye in sake ɗauka. Shi ya sa na zauna in rubuta miki duk abin da na sani game da ciyar da ita, kuma yawancinsa a wajen ɓarna na koye shi.

Kina ƙarama sosai lokacin, don haka bari in maimaita miki yadda ta zo hannunmu. Safiyar da harbe-harbe suka tashe mu daga garinmu na bakin tafkin Chadi, babanki ya saka mu a kwalekwalen wani abokinsa. Sai ya tuna ba mu da ruwan sha. Ya fizgi bokitin fenti mai murfi, ya duƙa a gefen da ruwan bai kai gwiwa ba, ya kamfato da sauri har da laka, ya miƙo mini. Ya ce zai koma ya ɗauko mahaifiyarsa su biyo mu. Har yau ba mu ga ɗayansu ba, ba mu kuma sami wanda zai ce ya ga gawa ba. Ruwan nan muka yi ta sha da kaɗan-kaɗan. Sai da muka sauka nan Demsawo a Jimeta, na zo wanke bokitin, na tarar da 'yar ciyawa a kwance cikin lakar, da saiwarta da ganye biyu dogaye kamar na albasa. Irin wadda ke sarƙe wa babanki tarun kamun kifi ce, kullum yana tsine mata. Na zauna a bakin rariya na yi kukan da ban samu sararin yi a hanya ba.

Ta yi zamanta a bokiti kafin mai yanka gilashin taga na kasuwar Jimeta ya haɗa mana akwati. Ke kuma kika kamo 'yan kifayen kwata masu cin tsutsar sauro kika zuba, kika raɗa wa kowanne suna. A nan na yi ɓarnata ta farko.

Na ga ciyawar ta tsaya, ba ta gaba ba ta baya. Sai zuciyata ta ba ni cewa kewar gida take yi. Mu mutanen tafki mun san ɗanɗanon ruwanmu, akwai 'yar kanwa-kanwa a cikinsa, wanda ya tashi da shi in ya sha na wani gari sai ya ji salam. Na ce to, bari in mayar mata da ruwan Jimeta irin na gida. Na ɗauko kanwa guntu guda, ya fi wanda nake sa wa tukunyar wake, na jefa. Ina ta jin daɗi, gani nake na yi dabarar da ba wanda zai yi sai ɗan bakin tafki. Da rana kika shigo da gudu kina cewa, "Mama, kifayena sun kwanta rigingine!" Duk suka mutu, ganyen kuma ya yi yauƙi ya zube, saiwar kaɗai ta tsira.

Don haka kada ki ce za ki mayar mata da Jos tafkin Chadi. Kanwar da ke ruwanmu ba ta kai a auna ba, kuma a hankali take shiga. Abin da ciyawar nan ta fi tsana shi ne a canza mata ruwa farat ɗaya. Lokacin nan da na ga ta tsaya ashe saiwa take kafawa a ƙasa, ni ce ban da haƙurin jira. Duk abin da za ki zuba mata, ki narkar da shi a kofi tukuna, ki zuba kaɗan, ki koma gefe ki zuba ido.

Ɓarna ta biyu ba ni kaɗai na yi ta ba, da hannun Bappa Hammadu, mai gidan da muke haya. Kin san shi da Hausarsa ta Fulani da gonarsa ta Ngurore, komai ya gani sai ya auna shi da masara. Ya shigo gaishe mu, ya tsaya gaban gilashin ya riƙe ƙugu.

"Goggo Kaltume," ya ce, "wannan ciyawa naka yunwa yana ji. Masara na in ya yi haka, taki hannu ɗaya, sati guda ka ga ya tashi."

Na ce, "Bappa, ai a ruwa take, ba a kunya ba."

Ya ce, "Ciyawa ciyawa ne. Gobe zan kawo maka."

Ya kuwa kawo, fararen ƙwayoyi a ƙullin leda, da zuciya ɗaya. Na zuba rabin abin da ya ce ina yaba wa kaina da tsantseni. Kafin mako ya zagayo ruwan ya koma kamar miyar kuka, ba ka hango komai a ciki, sababbin kifayenki sun taru a sama suna buɗe baki. Muka kwashe su a roba muka yi ta canjin ruwa. Bappa ya leƙo, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai! Useni, don Allah ka yi haƙuri, ashe shi ba masara ba ne." Har yau in ya ga na ɗauko kofi sai ya tambaye ni ko ya kawo taki, mu yi dariya.

A gona, abin da shuka ba ta ci ba ƙasa na shanye shi, ruwan sama ya tafi da saura. A akwatin gilashi ba inda zai je. Yana nan a ciki, ya ƙone wa kifi numfashi, ya ciyar da gansakuka. Takin gona kada ya kusanci ɗakinki, ko wa ya ba ki, ko da kunyarsa za ki ji. Ki karɓa ki yi godiya ki zuba wa tumatir. Ki nemi takin ruwa na kwalba da masu sayar da kifin ado ke da shi, kuma abin da aka rubuta a jikin kwalbar ki fara da rabinsa, sau ɗaya a mako, bayan kin canza ruwa. Su masu rubutun da akwatin da ya cika da shuke-shuke da fitila mai ƙarfi suke magana, ba da ɗan naki ba. Kuma ki tuna ciyawarmu ta saiwa ta fi ci. 'Yan dunƙulen lakar bakin Binuwai da na busar na sa miki a gwangwani, ba kayan ajiya ba ne. Ki tura ɗaya can ƙasan yashi kusa da gindinta, ki rufe da kyau kada ya tashi ya dagula ruwan.

Yanzu ga abin da na gani a hotonki. Wannan rawayar na san ta, mun taɓa haɗuwa.

Wata damina na ce ruwan sama ya fi na 'yan ga-ruwa tsabta, na kafa duro a bakin indararo, na koma canza mata da shi kaɗai. Da farko kamar abin arziki. Daga baya tsofaffin ganyen suka fara rawaya a tsaye, ratsi-ratsi, jijiyoyin suna nan kore amma tsakaninsu ya koɗe. Na ɗauka ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, na yi ta ƙara takin ƙarfe, ko gezau. Ke ce, kina makarantar koyon jinya lokacin, kika bincika a waya kika ce, "Mama, wai magnisiyam ne babu." Na ce ki maimaita. Kika maimaita, na fashe da dariya har kika tsorata.

Yo ni za a gaya wa magnisiyam? Shekarun da na yi ina aikin ungozoma a ɗakin haihuwa can gida, shi ne abin da muke rugawa mu ɗauko in mai ciki ta fara jijjiga. Na ga matan da aka kawo ido ya kafe, aka yi musu allurarsa suka dawo suka shayar da 'ya'yansu. Kuma na san ba a yi masa gaggawa. Kina bayarwa kina duba numfashi, kina buga gwiwa ki ga ko ƙafa ta zabura, kina lura da fitsari, don in ya yi yawa shi ma kisa yake. Ban taɓa zaton ciyawa ma tana nemansa ba. Ashe ruwan rijiyar burtsatsen da 'yan ga-ruwa ke kawo mana yana ɗauke da shi tun daga ƙasa, shi ke ciyar da ita ban sani ba. Na sama kuwa wankakke ne, ba komai a ciki.

Kin ce mini ruwan Jos sabulu na kumfa a cikinsa har ki gaji da ɗauraya, jiki na santsi kamar ba a wanke ba. To alamar ke nan, ruwan ba shi da nauyi, ɗan'uwan na sama ne. Ga abin da za ki yi. Ki je kemis ki ce a ba ki gishirin Efsom, wanda ake sha don wanke ciki. Ki duba da kyau kada a ba ki na wanka mai ƙamshi, zalla kike so. Kada kuma ki ce za ki taɓa na allura a wajen aikinki, wannan na masu haihuwa ne. Akwatinki jarka biyu yake ci, don haka rabin ƙaramin cokalin shayi, a shafe ba a tula ba, ya isa. Ki narkar da shi a kofin ruwa mai ɗumi, ki zuba a hankali. Daga nan sai in kin canza ruwa, ki mayar da gwargwadon abin da kika kwashe. In sulusi kika canza, sulusin wancan rabin cokalin za ki sa, ba duka ba, don wanda ke cikin tsohon ruwan yana nan bai tafi ko'ina ba.

Shi kaɗai kuma ba ya wadatarwa a ruwa irin naku. Ki wanke ɓawon ƙwai ki bar shi ya bushe, ki farfasa, ki ƙulle a ɗan ƙyalle ki ajiye a kusurwa. A hankali zai riƙa sakin abin da ke ƙarfafa ganye. In kika cika magnisiyam babu wannan, sababbin ganyen za su fito a murɗe.

Ki koyi kallon wane ganye ne ke ciwo kafin ki miƙa hannu ga kwalba. In sabon da ke fitowa daga tsakiya ne ya fito fari-fari, ƙarfe take nema. In tsoho ne ya yi rawaya gaba ɗaya tun daga baki har jijiyoyin, abinci ne ya yi mata kaɗan, ki ƙara takin kwalba ɗan kaɗan. In kin ga ƙananan huji kamar an sossoke da allura, wani sinadarin ne daban, shi ma takin kwalbar na ɗauke da shi. Abu ɗaya za ki gyara a lokaci guda. In kika zuba uku rana ɗaya ta warke, ba ki san wanne ya yi aiki ba, in ta lalace ma haka.

Sai abin da ya fi ba ni wahalar karɓa. Ganyen da ya riga ya yi rawaya ba zai koma kore ba, ko me kika zuba. Na yi makonni ina kallon tsofaffin ina cewa maganin bai yi ba, har na kusa ninka shi, alhali ga sababbi can ƙasa suna fitowa kore shar ban kula ba. In magnisiyam ya yi mata kaɗan, ciyawar da kanta take janye shi daga tsohon ganye ta kai wa sabo, shi ya sa tsohon ke fara koɗewa. Da na gane haka sai na daina jin haushinsu. Ki bar su har su saki da kansu, ko ki yanke da almakashi daga gindi, ki mai da idonki kan masu tasowa.

Da duk wannan sanin, za ki ce to yaya aka yi tawa ta mutu. Zan gaya miki ba tare da kwana-kwana ba.

Da kika tafi gidan ya yi mini faɗi. In dawo daga kasuwa in yi sallama ba mai amsawa. In dafa abinci in ga na auna na mutum biyu. Sai in je in zauna gaban gilashin, kuma kin san hannuna ba ya iya zama haka nan. In ga kamar ganye ɗaya ya ɗan koɗe, in ɗiga taki. Washegari in tuna ki, in sake ɗigawa. Na matso da akwatin bakin taga wai don in riƙa ganinta da kyau, a wannan zafin na Yola da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Ni da na gama gaya miki a yi kaɗan a jira, ni ce na riƙa ba ta abinci kamar mai ɗura wa yaro. Ba yunwa take ji ba, ni ce ba ni da wanda zan ba.

Gansakuka ta taso ta lulluɓe ganyen kamar gashi. Na rikice, na tafi wajen mai kifin ado. Ya ɗauko wata kwalba ya ce da turancinsa na buroka, "Mama, dis one na correct. Murfi ɗaya, duk datti zai mutu." Ban tambaye shi ko ta dace da irin ciyawata ba, shi ma bai tambayi wace iri gare ni ba. Gansakukar ta mutu kamar yadda ya ce. Ciyawar ma ta bi ta. Ganyen ya narke ya zama kamar lawashin da ya kwana a miya. Na canza ruwa, na sake canzawa, na jira ko saiwar za ta yi abin da ta yi lokacin kanwa. Da na tona yashin na tarar ta yi baƙi, tana wari. Daga baya na ji cewa irin wannan maganin ba ya shiri da ciyawa mai dogon ganye irin tamu.

Don haka maganin gansakuka na kwalba, ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa. In ta taso, ki rage haske, ki dakatar da taki, ki cire ta da yatsa, ki canza sulusin ruwa da wanda ya kwana a bokiti. Kuma ranar da kika ji kewa ta dame ki, don na san za ta dame ki, kada ki huce a kan kwalbar taki. Ki kira ni, ko ki fita ki gaida maƙwabta. Ki sa wa taki ranarsa guda a mako, in ba ranar ba ce ki sa hannunki a aljihu. In sanyin garin ya tsananta ki janye akwatin daga jikin bango, ki rufe samansa, 'yar ƙasar zafi ce kamar ke.

Ban rubuta wannan don in ɗora miki kaya ba, ko da yake na san na ɗora. Shekaru na yi ina ji a raina cewa muddin ciyawar nan na kore, babanki na wani wuri yana numfashi. Ban taɓa faɗa da baki ba, don na san ba haka Allah Ya tsara rai ba, amma kin sani, na ga yadda kike kallona in ina goge gilashin. Ranar da tawa ta mutu na zauna ina jiran in ji wani abu ya tsinke a ƙirjina. Na yi kuka, na yi salla, na roƙa masa rahama in ya riga mu gidan gaskiya, in kuma yana raye Allah Ya ba shi inuwa da ruwan sha. Gari ya waye kamar kullum. Ina kewarsa yau daidai da yadda nake kewarsa jiya, ciyawar ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

Saboda haka in taki ta mutu, ki gaya mini da bakinki. Kada ki je ki sayo mai kama da ita ki dasa ki turo mini hoto, zan gane, kuma wannan zai fi yi mini ciwo.

In kuwa Allah Ya sa ta farfaɗo, za ki ga ta miƙa wani siririn hannu a kan yashi, a ƙarshensa ɗan tsiro ya fito. Kada ki yi saurin yanke shi. Ki bari ya yi ganye huɗu ko biyar, ya kafa saiwarsa, sannan ki raba shi da uwar. Na wanke akwatina, na zuba sabon yashi, na mayar da shi inuwa inda yake da. Bappa ya ga ina cika shi da ruwa ya ce, "Goggo, ruwa kawai kake kiwo yanzu?" Na ce masa baƙuwa nake jira.

Ki sa tsiron a kwalba mai faɗin baki da ruwansa, ki kawo mini. Kada ki ba direba saƙo. Zan iya ce miki don suna ɗora kaya a kai ne, ko suna barin abu a rana a tasha, kuma duk gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba. Ke nake son gani a bakin ƙofar nan, Yagana. Kewarki nake yi, irin wadda ban san akwai sauran wurinta a zuciyata ba. In ciyawar ta rayu ki zo da ita, in ta mutu ki zo hannu rabbana, ɗakinki a share yake.

Allah Ya raya miki abin da kike reno, Ya ba ki haƙurin da ni ban yi ba. Ya tsare ki a gida da wajen aiki, Ya kare ki a hanyar Bauchi da Gombe da Numan ranar da za ki taso, Ya sauke ki a Demsawo ina da rai da lafiyar da zan tarbe ki. Amin.

Mahaifiyarki,
Kaltume